Jawabin Buɗe Ɗakin Gashin Yara a Sharaɗa

 

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe; malamanmu, Allah ya gafarta muku; shugabannin masana'antu; iyayenmu mata da kuka goyo 'ya'yanku tun sassafe, sannunku da zuwa.

Yaran da muka taru dominsu ba shan-inna ce ta same su ba, ba kuma 'yan ruwa ba ne kamar yadda wasu ke faɗa. Ƙwaƙwalwa ce ta sami rauni: wani a doguwar naƙuda, ya faɗo bai yi kuka ba, wani shawara ta kama shi a makon haihuwa aka tsaya jiƙe-jiƙe, wani sanƙarau. Raunin ba ya ƙaruwa. Abin da ke tsananta shi ne ƙagewar gaɓoɓi: agara ta ɗaure, yaro ya riƙa taku da yatsu, ƙafafu su harɗe kamar almakashi.

Nan likitan gashi ke shigowa. Zai miƙe gaɓoɓi, ya koya wa yaro zama, sannan tsayuwa, sannan taku, a yi ta maimaitawa wata da watanni. Ba kowane yaro ne zai taka ba, wannan gaskiya ce da ba za mu ɓoye wa uwa ba. Amma wanda ya iya zama da kansa kafin shekara 2, akwai kyakkyawan zaton zai yi tafiya. Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da na ƙashi a Dala suna wannan aiki, sai dai mafi yawansa a tsakar gida ake yinsa, da hannun uwa. Shi ya sa muka kawo ɗakin kusa da ita.

Masu masana'antu, ga roƙona. Yaron nan yana buƙatar takalmi mai riƙe idon sawu, da katakon tsayuwa, da keken koyon tafiya. Roba ce da fata da katako da ƙarfe. Ana sarrafa roba a nan Sharaɗa, ana jima a Challawa, ga masu walda da kafintoci har Bompai. Yaro kuwa girma yake yi, takalmin bana ba zai shige shi baɗi ba, albashin lebura kuma ba zai ɗauki na ƙasar waje ba. Ku ba mu kaya da ma'aikata, mu ba ku awo. Ku kuma ɗaga wa uba ƙafa ranar gashin ɗansa, kada a yanke masa kuɗin yini.

Da sunan Allah na buɗe wannan ɗaki. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya maida kowa gida lafiya.