Takin Juji da Wayar Hannu: Jawabi ga Ƙungiyar Ɗalibai



An nemi mu ba da bayani a kan manhajar da muka haɗa a gasa ta farko da muka taɓa shiga, irin wadda Turawa ke kira hakaton. Sunan ya fara fitowa a 1999. Yadda ake yinta kuwa, akan tara matasa masu ilmin kwamfuta wuri guda, a ba su kwana ɗaya ko biyu, kowace ƙungiya ta ƙirƙiro abin da zai warware wata matsala. Mu dai matsalar da muka zaɓa ita ce ta taki, muka kuma sa manomin Dirin Daji, hedkwatar ƙaramar hukumar Sakaba a masarautar Zuru, a gaban idonmu.

Dalili kuwa a fili yake. Tun shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, da na Shugaba Shehu Shagari a 1980, aka saba wa manomanmu da buhun takin zamani. A taron da aka yi a Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun ƙudurta ɗaga amfani da shi daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Amma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, buhu ya gagari talaka. Ga kuma hare-haren 'yan bindiga a ƙasar Zuru, waɗanda suka sa zuwa ƙauye ya zama da wuya ga malamin gona. Inda malami ya kasa zuwa, watakila waya ta isa.

Kada kowa ya ɗauka takin gargajiya baƙon abu ne gare mu. Shekaru aru-aru manoman karkarar Kano suna ɗibar juji a mangala bisa jakuna, suna kai wa gonakinsu, shi ya sa suke noma fili guda kowace shekara ba tare da sun bar shi ya huta ba. Haka kuma yarjejeniyar da manomi kan yi da Fulani su kwana da shanu a gonarsa da rani. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne tsari. Wani Bature mai suna Albert Howard, wanda ya yi aiki a Indore ta ƙasar Indiya, ya bayyana nasa tsarin a 1931, bayan ya daɗe yana lura da manoman can.

Ga abin da manhajar take koyarwa a taƙaice. A jera busasshen kara da aka daddatse da ƙaiƙayi, a bi da ɗanyen ganye, sa'an nan kashin shanu ko na awaki, a barbaɗa 'yar toka da ƙasa, a yi ta maimaitawa har tsibin ya kai kimanin mita 1. A tsince leda da kwalba da tsohon batir. A yayyafa ruwa har ya zama in an damƙa za a ji laima, amma ba ya ɗiga. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sun fi son kabon kashi 30 ga naitirojin kashi 1, watau kara ba ya ruɓewa da sauri sai da kashin dabba. In aiki ya yi kyau, zafin ciki yakan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A juya shi bayan kowane mako biyu ko uku. Cikin kamar wata uku ya nuna, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari.

Shawara uku muka yanke wajen ginin. Ta farko, manhajar ta yi magana da murya, gama ba kowane manomi ke karatun boko ba. Ta biyu, ta yi aiki ko babu intanet. Ta uku, ta yi awo da kwando da baro, ta bar kilo ga masu sikeli. Maimakon ma'aunin zafi, ta ce a soka sanda cikin tsibin, a zaro a taɓa. Hausa kaɗai muka sa, amma ƙasar Zuru akwai Dakarkari da Kambari da Dukawa, kowa da harshensa, kuma sun cancanci su ji da bakinsu.

To, jama'a, ga babbar maganar da muka zo da ita. Gasa kwana biyu ce, taki kuwa wata uku ne, sa'an nan a jira damina a ga abin da dawa za ta yi. Alƙalan gasa suna duba allon waya ne kawai. Alƙalin gaskiya shi ne magidancin da zai zuba takin a gonar da iyalinsa za su ci. In manhaja ta ce taki ya nuna alhali bai nuna ba, shuka ta yi ja, ko ciyawa ta cinye gona, shi zai kwana da yunwa, mu kuwa muna ɗauke da takardar yabo. Manhajoji da yawa da aka haifa a irin waɗannan gasanni sun mutu ranar da aka tashi taro, domin ba wanda ya bi su zuwa inda aka yi su dominsa.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da ke Zuru, da masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su binciki kowane darasi da muka sa, su gyara. Muna roƙon matasan ma'aikata da ke sashen gona na ƙananan hukumomi su ware fili, a raba shi biyu, a zuba taki a ɓangare guda, a bar ɗayan, manoma su zo su duba da kaka. Gani ya kori ji. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, in an yi hutu, kowa ya tara tsibi ɗaya a bayan gidansu, ya rubuta ranar da ya jera da ranar da ya juya, ya kawo mana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya.