Jawabi Ga Iyayen Yara A Nguru Da Gashuwa: Yaushe Ya Kamata A Duba Idon Yaro?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka al'amarin ido yake. Ba a haifar jariri da cikakken gani. Ƙwaƙwalwarsa ce take koyon gani sannu a hankali, har ya kai wajen shekara 7 ko 8. Idan wani abu ya tare ido ɗaya a wannan tsakani, watau kamar yana ko karkacewar ido, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon, ta dogara ga ɗayan. In an makara, ko an gyara idon daga baya, da wuya ganinsa ya cika. Shi yaro kuwa ba ya kai ƙara, domin a zatonsa haka kowa yake gani. Saboda haka bai kamata iyaye su jira sai ya yi kuka ba.

Ga lokatan da ya kamata a duba:

Na farko, ranar haihuwa. Ma'aikacin lafiya zai haska idon jariri, ya ga ko akwai yana, ko kumburi, ko mugunya. A sake dubawa ranar allurar rigakafi ta mako 6. Bakwaini kuwa, lalle likitan ido ya gan shi cikin watansa na farko.

Na biyu, tsakanin wata 6 da shekara ɗaya. A nan ake lura ko yaro yana bin fuskar uwarsa da ido, ko kuma idanun biyu suna tafiya tare.

Na uku, tsakanin shekara 3 da 5, kafin ya shiga makaranta. Ana rufe ido ɗaya, a gwada ɗayan da allon hotuna ko alamomi, don haka ba sai ya iya karatu ba.

Na huɗu, bayan shiga makaranta, ko ta boko ko ta allo, a riƙa dubawa kowace shekara ɗaya ko biyu. Mai sa tabarau kuwa, kowace shekara.

Akwai alamun da ba sa jiran lokaci: fari a tsakiyar baƙin ido, wanda kan zama yana ko ciwon daji, da karkacewar ido bayan wata 6, da yawan hawaye da gudun haske, da dundumi, da kusantar da littafi ga fuska. Duk uwar da ta ga ɗaya daga cikinsu, ta kai yaro asibiti a makon nan.

Ƙasar Nguru da Gashuwa tana da nata matsaloli. Ƙurar hunturu da ƙuda da ƙarancin ruwa a rugage da ƙauyuka suna taimakon amosanin ido, wanda kan fara tun ana yaro, ya makantar bayan an girma. Ƙyanda kuma, in ta haɗu da ƙarancin bitamin A, takan bar hakiya. Maganinsu na kusa: wanke fuskar yaro kullum, da allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15, da ɗigon bitamin A kowane wata 6, daga wata 6 zuwa shekara 5, da abinci irin su zogale, man ja, hanta da mangwaro. Kada a ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko maganin kasuwa a idon yaro.

Ana fara dubawa a asibitin shan magani na kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru da asibitin gwamnati na Gashuwa. Aikin da ya buƙaci ƙwararru akan tura shi Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ana roƙon masu unguwanni, limamai, malamai da unguwarzoma su isar da wannan saƙo gida gida. Rigakafi ya fi magani.