Doguwar tafiya bisa keke



Mahayan keke na tseren Tour du Faso, wanda aka soma a Burkina a 1987, sukan yi sama da kilomita 1000, amma kashi-kashi, cikin kwana 10. Mai zuwa Damagaram ta Mirriya, shi ma kada ya yi gaggawa.

Da bazara zafi yakan wuce digiri 40. Sai ya yi asubanci, ya ɗaure gorar ruwa, ya riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba. In jiri ya kama shi, ya sauka inuwar gawo, kaya su jira.

Da hunturu, rawani ya tare ƙura. Da damina, kada ya ratsa ruwa mai gudu.