KOFATO SHI NE JARIN SA

Jawabin da na gabatar a taron tsofaffin ɗalibai na bana

Shugaban ƙungiya, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina gaishe ku duka.

Da aka ce in yi magana a kan aikina na likitan dabbobi, sai na tuna da yawanmu mun kusa ajiye aiki, wasu ma sun ajiye. Na san akwai masu shirin zuba kuɗin sallamarsu a kiwon turka. To, kafin ku ɗaure sa, ku ji abin da ya same ni.

Wata shekara na sayi bijimin Bunaji, na turke shi a bayan gida, na yi ta ɗura masa dusa don ya yi saurin ƙiba. Na bar wa yara sharar turken, damina kuwa ta sauka. Ana saura mako uku Babbar Salla sai ya fara ɗingishi, ya daina cin abinci, ya rame. Da ƙyar na mayar da uwar kuɗina. Likita guda, a gidansa!

Ga inda na yi kuskure. Kofaton saniya yana tsiro kamar farcen mutum, kimanin milimita 5 a wata. Shanun da ke yawon kiwo ƙasa ce ke goge masu shi, shi ya sa ba kasafai suke bukatar yanka ba. Wanda aka turke kuwa ba ya tafiya, sai kofaton ya yi tsawo ya karkace, nauyi ya koma kan dunduniya. Kashi da fitsari su jiƙa fatar da ke tsakanin kofatan biyu har ta tsage. Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayar cuta ta shiga, ƙafa ta kumbura ta yi wari. Yawan dusa da hatsi farat ɗaya kuma yana sa tsami a tumbi, wanda ke kawo kumburi a cikin kofato.

Saboda haka, a kasuwa, ko Potiskum ce ko Wudil, ku sa a tafiyar da san ku ga takunsa. Ku fi lura da ƙafafun baya, can matsalar ta fi yawa. A gida, turke ya zama busasshe, a share kullum. A ƙara dusa kaɗan kaɗan, tare da harawa ko ciyawa. Idan kofato ya yi tsawo, a kira wanda ya iya, domin in wuƙa ta zarce ta taɓa tsoka, an ƙara ciwo ne. Idan aka yi wa sa allura, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin yanka. In kuwa kun ga ɗingishi tare da dalala da ƙuraje a baki, wataƙila boru ne: ku ware shi, ku sanar da ofishin dabbobi nan take.

Malamanmu, ku kuka koya mana rigakafi ya fi magani. Ni dai na manta, na kuma biya. Allah ya saka maku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar zumunci.