Labari Marar Isnadi da Abin da Ya Haifar a Filato



Malaman hadisi na farko ba sa karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga bakinsa. A yau kuwa wayar aljihu ce mai ruwaya, kuma ba a tambayarta isnadi.

A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi a Jihar Filato, an yaɗa hotuna da bidiyo a Facebook a matsayin shaidar kisan da aka yi wa Birom. Binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon a Kwango-Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Kafin gaskiyar ta iso, matasa sun tare hanya sun kashe matafiya 11. Lalle an zubar da jini a ƙauyukan, amma ƙarya ta rura wutar ramuwa.

Facebook yana ɗaukaka abin da aka fi yaɗawa, abin da ke tunzura zuciya kuwa shi aka fi yaɗawa. Galibi mai turawa ba maƙaryaci ba ne. Labarin ne ya dace da zaton da ya daɗe yana yi wa maƙwabcinsa, sai ya tura bai tambaya ba.