Hanzarin Samar da Wuta da Haƙƙin Mai Ƙasa: Jawabi ga Jama'ar Kamarawa

Jama'ar Kamarawa, da na Isa da Sabon Birni, ba su bukatar a gaya musu amfanin wutar lantarki. Ungozomar da ta karɓi haihuwa da tocila ta sani, haka mai injin niƙa, haka kuma mai noman rani a fadamar Rima, wanda kuɗin fetur ke cinye ribar albasarsa. Rana kuwa Allah ya hore wa ƙasar Gobir ita ba awo. Saboda haka duk wanda ya zo da maganar a hanzarta kafa faifan da ke juya hasken rana ya zama wuta, ba zai rasa masu saurarensa ba. Amma fa wata gardama ta tashi a ƙasashen waje a kan hanzarin nan, har ta kai gaban alƙalai, ya kamata a san ta tun ba a zo awon fili ba.

A Turai ta fi ƙarfi. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a shekara ta 2022, iskar gas ta yi tsada ƙwarai, sai ministocin Tarayyar Turai suka kafa wata dokar gaggawa a watan Disamba na shekaran nan. Dokar ta ce a ɗauki aikin wutar rana da ta iska a matsayin maslahar jama'a wadda ta rinjayi sauran bukatu. Ta ce izinin ɗora faifai bisa rufin gini kada ya wuce wata 3. Ta kuma yarda a tsallake binciken da akan yi wa kowane aiki shi kaɗai, muddin an riga an yi wa yankin bincike gaba ɗaya. A 2023 waɗansu ƙungiyoyin kare muhalli, cikinsu har da Bankwatch da Ökobüro ta ƙasar Ostiriya, suka kai ƙara kotun Tarayyar. Abin lura shi ne ƙungiyoyin nan sun daɗe suna kira a bar ƙona gawayin ƙasa da mai. Kukansu shi ne binciken da aka taƙaita, a wurinsa ne kaɗai mai gona da masunci ke samun bakin magana.

Na ƙasar Kenya ya fi kusa da halin da ake ciki a nan. A gefen tafkin Turkana an kafa injunan iska 365, masu ba da wuta megawat 310, a ƙasar da makiyaya ke kiwo tun kaka da kakanni. Mutanen wurin suka kai ƙara a 2014. A watan Oktoba na 2021 kotun ƙasa da muhalli da ke Meru ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da filin, ta ba da wata 12 a gyara. A lokacin kuwa injunan sun riga sun fara aiki. Kamfani ya shiga zullumi, makiyaya kuma shekara 7 suna jiran hukunci.

Mutanen ƙasar Sakkwato kuwa ba sai an tsallaka teku da su ba. Dattawa sun tuna Bakolori. An gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978, domin noman rani da ɗan abin da za a samu na wuta. Niyya mai kyau ce, babu mai musu. Amma ruwa ya ci gonaki da garuruwan dubban mutane, aka hana waɗansu shuka ana baje ƙasarsu, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka auka musu a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka rasa rayuka, har wa yau lissafin Hukuma da na mutanen wurin bai zo ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi ba, watau mutanen da ke gangaren madatsar. Ambaliyar da ke jiƙa musu fadama kowace damina ta ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. A lokacin nan babu dokar da ta tilasta a tambaye su.

Dokar ta zo a 1992, ita ce Doka ta 86 ta Gwamnatin Tarayya. Ta ce kafin a soma babban aiki, na Hukuma ne ko na kamfani, tilas a binciki abin da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane, a rubuta rahoto. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya takan ajiye rahoton a fili kwana 21 na aiki, har da ofishin ƙaramar hukuma, don kowa ya duba ya kawo ƙorafinsa a rubuce. Sa'an nan a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da wata ƙungiya mai sa ido kan ɓarnar mai ta kai kamfanin NNPC, ta ce ƙungiya tana da ikon kai ƙara domin muhalli, ko da ba gonarta aka ɓata ba. Dā akan kori irin wannan ƙara tun daga bakin ƙofa.

To, wannan bai zama dalilin tsayawa a hana kowane aiki ba. Ƙaramar tashar ƙauye, wadda za ta haska asibiti da kasuwa da masallaci, ɗan fili take ci. Dokar ƙananan tashoshi ta 2016 ma rajista kawai ta nema daga wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, daidai ne kuwa. Wanda ya ja irin wannan aiki zuwa kotu don ƙyashi, ya cuci garinsu. Babban aiki shi ke son natsuwa, gama megawat ɗaya na faifan rana yakan ci eka 4 zuwa 5, a kewaye shi da waya shekaru da yawa. Tun da dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, irin wannan shawara ta matso kusa da gida.

A nan ne ya kamata masu gari da dattawa su lura da Dokar Ƙasa ta 1978. Ta ba Gwamna ikon karɓe fili saboda maslahar jama'a wadda ta rinjaya, kalmomin nan dai da Turawa suka yi gardama a kansu. Diyyar da ta tanada kuwa ta abin da aka gina ce ko aka shuka. Saura da aka bari ta huta, da burtali, da mashaya, ba su da gini ba su da shuka, a takarda sai su fito kamar ƙasar da ba ta da mai ita. Iyalan da rashin zaman lafiya ya kora zuwa cikin Isa ko hayin Maraɗi, su ma gonakinsu haka za su bayyana ga mai awo. Saboda haka kafin a sa hannu a kan kome, mai gari ya tara manoma da Ardo, a zagaya filin da ƙafa, a rubuta sunan mai kowace gona, da wanda ke nan da wanda ke gudun hijira, a nuna inda burtali ya bi. A ajiye kwafi ɗaya wurin Hakimi, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma a Isa.