Ƙwaya, shekaru da ciwon sida: jawabi ga iyaye mata da masu faɗakarwa



Mun saba haɗuwa kan zancen kunun yara da awon damtse. Yau zancen ƙwaya ne ya tara mu, domin gidan da ƙwaya ta shiga tukunyarsa ce ke fara raguwa, wani lokaci kuma ciwon sida ya biyo baya.

A yankinmu an fi shan tramol. Haɗiye shi ba ya sa wa mutum sida, amma yana gusar da hankali har mutum ya sadu da wanda bai san lafiyarsa ba, ba tare da kwaroron roba ba. Masu tsira wa kansu allura kuwa haɗarinsu ya fi girma, don allura ɗaya na zagaya hannuwa da jinin wani a cikinta.

Ku dubi samarinmu: ɗan kabu-kabu, ɗan ci-rani, mai haƙar zinariya. Yana shan ƙwaya don kada ya gaji, yana jin ƙarfi a jikinsa, sai ya ga gwaji na marasa lafiya ne. Alhali cutar na iya shekaru a jiki ba ta nuna alama ba. Ko ya fara magani, matashi ya fi saurin yankewa, musamman in tafiya ta taso bayan girbi. Uwa, idan ɗanki na shan maganin sida kuma zai tafi ci-rani, sa shi ya je gidan likita tukuna, ya nemi maganin da zai ishe shi.

Dattijo kuma matsalarsa daban ce. In ya rame ko tari ya ƙi ƙarewa, sai a ce tsufa ne, kuma kunya ta hana kowa ambaton gwaji, har cutar ta yi nisa. In ya fara magani yakan riƙe shi da kyau, amma ya gaya wa likita duk abin da yake sha, har na hawan jini da na gargajiya.

Ke mai ciki, ki yi gwaji a wajen awo ko da kin yarda da mijinki. Maganin kyauta ne. In kina shansa kullum, ki shayar da nono zalla wata 6, ki kai jariri gwaji yana da mako 6. Tramol yana bi ta nono, yana sa jariri barci mai nauyi da raunin numfashi. Yana kuma kashe sha'awar abinci, alhali mai sida, ko bai kwanta ba, yana buƙatar ƙarin kashi 10 cikin 100 na abinci mai ba da ƙarfi. A ƙara masa wake, gyaɗa da zogale.

Masu faɗakarwa, kada ku ce sai mutum ya bar ƙwaya sannan ya fara magani. A fara yau, barin ƙwaya ya biyo a hankali da taimakon likita. Ku riƙe sirri ko ga maigari. Wanda ya yi allura da ta wani, ko aka yi wa fyaɗe, ku kai shi gidan likita kafin awa 72 ta cika, akwai maganin kariya na kwana 28.